Ranar da Na Wanke Masakin Inna

Sallama ga Edita da duk mai karanta wannan shafi. Ba zan faɗi sunana ba, domin a cikin labarin nan akwai sunan da ya fi nawa daraja, na taɓa wasa da shi sau ɗaya, ba na so in sake. Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da shida, ina aure a Kalgo, da 'ya ɗaya a goye, da takardar kwalejin ilimi kwance a ƙasan akwati tana jiran aikin da bai zo ba. Maigidana malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali, shi ya saya mini babbar waya don in rage kaɗaici idan ya fita. Ni kuwa tun ina ƙarama ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Ina cikin mutanen nan da ke buɗe tukunya sau biyar kafin ruwa ya tafasa, kuma a lokacin ina ganin wannan hali nawa shi ake kira ƙwazo.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana Gwandu, kuma daddawa ce sana'arta tun kafin a haife ni. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, da kalwa da turmi ta ciyar da mu, da su ta kai ni har kwaleji. Matan Maruda ke kawo mata kalwa idan ɗorawa ta nuna, ranar kasuwa kuma ta ɗauki tirenta ta zauna a wurin da kowa ya san nata ne, kafin la'asar ta dawo da tire wayam. Akwai wata dattijuwa daga Masama da ta fi shekara talatin ba ta sa daddawar kowa a miya ba sai ta Inna. A wani ɗan ɗaki na ƙuryar gida Inna ke ajiye manyan masakai uku da ta gada wurin mahaifiyarta, a cikinsu ake zuba dafaffiyar kalwa a lulluɓe ta kwana uku har ta tashi. Masakan nan sun yi baƙi ƙirin saboda tsufa da aiki, kuma ba a taɓa sa musu sabulu ba. Idan ta kwashe, sai ta goge su da tsumma ta kife su a inuwa, shi ke nan. Ina yarinya kunyarsu nake ji, domin a makaranta 'yan ajinmu kan toshe hanci su ce ga 'yar mai daddawa ta iso. Saboda haka duk ranar da aka ɗora tukunyar kalwa sai in ƙirƙiro karatu in gudu. Na girma a gidan daddawa ban san yadda ake yin ta ba, sai dai in ce na sha gani.

Ina zaune a Kalgo ina latsa waya na ga mata suna sayar da kaya daga cikin ɗakunansu, wannan turaren wuta, waccan yaji, wata atamfa. Na ce ni me aka fi ni? Wani zuwa da na yi Gwandu da rani, na iske Inna a tsakar gida tana mulmula daddawa tana fyaɗa ta a tafin hannu tana jerawa a kan tabarma, sai na ɗauke ta bidiyo na sa a shafina, da wasa ma na yi. Kafin in koma Kalgo saƙonni sun cika mini waya. Mata daga Abuja da Kaduna har Legas suna cewa hannun tsohuwar nan ya tuna musu kakanninsu, suna tambaya ko ana aikawa. Da na karanta wa Inna, dariya ta yi har da riƙe haɓa, ta ce yanzu har daddawa ta shiga waya? Ta amince in riƙa aika musu, amma ta kafa mini sharaɗi ɗaya, kada in yanka wa kowa rana, domin ita daddawa ita ke faɗin ranarta, mai yi sauraro kawai take yi. Na ce to, irin to ɗin da ake faɗa hankali yana wani wuri.

Farkon abin ya yi daɗi. Rana tana da ƙarfi, daddawa ta bushe ƙayau, in ɗauko daga Gwandu in ƙulla, maigida ya kai tasha ya ba direba, bayan kwana biyu a turo mini hoton miya da godiya. Na sa wa shafin sunan da mutanen Gwandu ke kiran Inna da shi, na buga sitika mai ɗauke da fuskarta tana murmushi, ina liƙawa a kowane ƙunshi. Na shiga wani zaure a waya inda wata mata ke koya wa mata kasuwancin intanet, sai dai darussan nata tsallake nake yi. Inda ta yi maganar yadda ake jawo mabiya da ƙawata hoto, na saurara har sau uku. Inda ta yi maganar gwada kaya kafin a aika nesa, da sanin iyakar abin da mutum zai iya, na ce wannan na masu farawa ne, ni na wuce nan. Wata uku kacal da farawata ke nan.

Sai wata rana, cikin yabon da ake ta yi a ƙarƙashin wani bidiyo, wata da ban sani ba ta rubuta cewa ita fa ba za ta iya cin abin da ya fito daga waɗancan baƙaƙen ƙoren ba, ko ba a san sabulu ba ne a garin? Mutum ɗaya ce tak, amma maganarta ta zauna mini a ƙirji kamar ƙayar kifi. Ta taso mini da 'yan ajinmu masu toshe hanci. Na share rubutun, amma ban iya share shi daga raina ba, duk lokacin da na ga masakan nan a hoto sai in ji sun ɓata mini shafi.

Ana cikin haka damina ta yi nisa, marka ta kama, irin ruwan nan da ke wuni yana yayyafi rana ba ta leƙowa. A daidai lokacin wata mai shagon kayan miya a Abuja ta nemi daddawa mai yawa, irin yawan da ban taɓa aikawa ba, wasu mata kuma suka biyo bayanta da nasu. Ta tambaye ni yaushe za ta samu, ni kuma ba tare da na tuntuɓi kowa ba na ce mata kwana goma. Da na gaya wa maigida, ya ce mini a hankali anya Inna na yin mai yawa da marka? Na ce masa shi ya san alli da allo, ya bar mini kasuwanci. Na goya 'yata na kama hanyar Gwandu. Inna ta saurare ni har na gama, ta ce ita da marka 'yar kaɗan take yi, ta mutanen gari, wadda za a cinye cikin mako, domin ba rana da za ta busar da ita har ciki. Ta ce in ba matar haƙuri ta jira kaka. Na yi ta roƙo, na yi fushi, na yi kuka, na ce mata wannan ce damar da za ta fitar da mu, idan ta wuce ba za ta dawo ba. Uwa ce, ta gaji da ganin hawayena ta ce a ɗora tukunya, Allah Ya ba mu rana.

Ranar da aka yi dahuwar farko aka aiko cewa an yi rasuwa a Maruda, gidan ɗaya daga cikin masu kawo mata kalwa. Inna da Goggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune tare da ita, suka tafi gaisuwa, za su kwana ɗaya, suka bar ni da gida. Ina shiga ɗan ɗakin nan na ga masakai uku a kife, sai shawara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka ita ce mafi kyawun shawarar da na taɓa yankewa. Na ce bari in yi wa Inna abin arziki kafin ta dawo, in kuma rufe bakin masu magana. Na fito da su tsakar gida, na zuba garin sabulu a babban baho, na jiƙa su wuni guda, sannan na sa soson ƙarfe na dirje su ciki da waje har hannuna ya yi ja. Baƙin yana fita ina jin daɗi. Babban cikinsu, wanda ya fi tsufa, da na danna shi da ƙarfi sai na ji ƙas, ya tsage daga baki har kusan gindi. Na juya tsagar ta kalli bango, na jera su sun yi fes suna ƙamshin sabulu, na ɗauki hoto na sa a shafi, na rubuta cewa tsafta ce jarinmu.

Washegari da hantsi suka dawo. Inna ta tsaya a bakin zaure da mayafinta a kai, ta dubi masakan, ta matso ta ɗauki babban ta kai hanci, sannan ta bi tsagar da ɗan yatsa tun daga sama har ƙasa. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ɗiyata, mi kinka yi?” Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Goggo ce ta yi faɗan, ta ce baƙin da na kankare ba datti ba ne, shi ne ran daddawar, abin da ya taru a jikin ƙwarya tun zamanin kakata, shi ke kama sabuwar kalwa ya tashe ta ya ba ta ɗanɗanon gidanmu. Ni da takardar kwaleji a akwati, sai ga shi Goggo da ba ta taɓa zama a aji ba tana yi mini bayanin abin da ya kamata a ce na sani tun ina shekara goma. Duk da haka bakina bai mutu ba, na ce ai kalwa kalwa ce, za ta tashi ko a cikin me aka zuba ta.

Tunda an riga an dafa, ba yadda za a yi. Aka surfa, aka wanke, aka sake dafawa, aka zuba a masakai biyun da suka rage da wani kwando na aro, aka lulluɓe. Bayan kwana uku Inna ta buɗe, ta sa hannu ta ɗebo, ta murza, ta shinshina. Babu yauƙin nan da ke bin yatsa, warin kuma ba nata ba ne, wani tsami-tsami ne mai hawa kai. Ta ce wannan ba ta tashi ba, ba za ta sa sunanta a kai ba, a zubar, a ba matar Abuja haƙuri. A nan ne na yi abin da har yau idan na tuna nake jin nauyi a zuciyata. Na ce mata asara ce a zubar, bari in tafi da ita Kalgo in gyara mu riƙa amfani da ita a gida. Ta dube ni, ta ce to. Na yi wa uwata ƙarya ina kallon idonta, ita kuma ta taya ni ɗaure buhun.

A Kalgo na kirɓa ta, na mulmula, na baza a ɗaki na kunna fanka, idan an ɗauke wuta in matsar da ita kusa da murhu. Kwana biyu bayanta ya yi tauri, ban ko fasa ɗaya na duba ciki ba, domin a ƙasan raina na san abin da zan gani. Na zuba a sababbin robobi masu murfi, na liƙe bakinsu ruf yadda iska ba za ta shiga ba, don na ga haka manyan 'yan kasuwa ke yi, na manna fuskar Inna a kan kowane murfi. Maigida ya ɗauki roba ɗaya ya juya ta, ya tambaye ni ko Inna ta gani ta yarda, na ce masa ƙwarai. Ya kai tasha. Ranar ta goma kaya suka isa, na rubuta a shafi cewa mu ba ma saɓa alkawari.

Bayan kwana huɗu hotuna suka fara shigowa. Daddawar ta yi gumi a cikin roba, ta yi fumfuna, wani wuri fari wani kore, wata ma har da tsutsa. Mai shagon ba ta tsaya kirana ba, bidiyo ta yi ta sa a nata shafin, tana buɗe robobin ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane murfi ta ɗaga fuskar Inna ce ke murmushi a kai. Ba na ganin laifinta, ta riga ta sayar wa mutane wasu, ita ma sunanta take karewa. Amma abin da mutane suka rubuta a ƙasa ba zan iya maimaita shi duka ba. Sun kira uwata ƙazamar tsohuwa, sun ce macuciya ce mai fuskar salihai. Ba wanda ya zage ni, domin ba wanda ya san fuskata. Na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin katifa, ina gaya wa kaina cewa Abuja da Gwandu akwai nisa, Inna ba za ta ji ba. Na manta cewa wayar da ta kai ta Abuja tana nan a kowane gida na Gwandu.

Goggo ce ta kira maigida bayan ranar kasuwa. Ta ce Inna ta fita da 'yar daddawar da ta saura mata ta rani, mai kyau, ta zauna a wurinta, sai ta ga 'yan mata suna wucewa suna duban waya suna dubanta. Ta wuni ba ta sayar da ko rabi ba. Can dattijuwar Masama ta zo, ta durƙusa kusa da ita, ta tambaye ta a hankali wai da gaske ne ruɓaɓɓiya take aika wa baƙi yanzu, jikarta ta nuna mata a waya. Inna ba ta ce mata ni ce na yi ba. Ta ce mata kuskure ne aka samu daga gidanta. Dattijuwar ta yi mata addu'a, ta tashi ba ta saya ba. Maigida ya gama sauraro, ya ajiye waya, bai yi mini gori ko ɗaya ba, ya ce in shirya da safe zai raka ni tasha.

Tun daga Kalgo har Birnin Kebbi, har na sauya mota zuwa Gwandu, ina shirya kalaman ban haƙuri, amma da na shiga gida na gan ta zaune a kan tabarma tana tsince wake sai duk suka gudu. Na durƙusa a gabanta. Ta kwance mini goyo ta ɗora jikarta a cinya, ta tambaye ni ko na ci abinci. Sai da na yi kuka na gaji sannan ta yi magana. Ta ce zagin mutanen da ba su san ta ba bai dame ta ba sosai, Allah Ya san ta. Abin da ya hana ta sukuni shi ne wata uwa a wani gari ta ga fuskarta ta yarda, wataƙila ta jefa abin nan a miyar 'ya'yanta. Ta tambaye ni gida nawa na aika wa, na faɗa mata. Ta ce kowane gida a cikinsu yana da haƙƙin daddawa mai kyau a kanmu, amma ba daga hannunta za ta fito ba, daga nawa, ranar da na iya. Kafin wannan rana kuma in cire sunanta da fuskarta daga wayata. Wannan ne kaɗai hukuncin da ta yi mini, kuma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamarsa ba.

Na cire. Na kunna waya na yi bidiyo da fuskata, karo na farko, na faɗi abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba, cewa tsohuwar ta ce a zubar, ni na ɗauka a ɓoye na aika. Wasu sun tausaya, wasu sun ƙara da nasu zagin, mabiya da yawa suka watse. Inna kuwa ta kai babban masakin wurin gyartai ya ɗinke tsagar, sannan ta buɗe wani tulu da take ajiyar tsohuwar daddawa ta musamman, ta jiƙa kaɗan ta shafe cikin masakan uku da ita. Ta ce za su dawo, amma ba ta san yaushe ba. Muka fara da mudu ɗaya. Duk bayan mako biyu nake zuwa Gwandu in yi kwana huɗu, kuma Inna ba ta taɓa mini komai, tana zaune a gefe da carbinta tana kallo. Ni ke hura wuta tun safe, ni ke surfe har kafaɗuna su yi tsami, ni ke tsince ɓawo a ruwa. Na farko bai tashi ba. Na biyu na buɗe shi tun kwana biyu don in leƙa, iska ta shiga ya lalace, Goggo ta ce da ma ta san sai na leƙa, ai ni ko a cikin uwata ban cika wata tara ba. Na uku ya tashi amma kanwa ta yi yawa. Inna ba ta cewa ya yi ko bai yi ba, sai dai ta miƙo mini ta ce in shinshina in faɗa mata da kaina.

A hankali hancina ya buɗe. Na gane bambancin warin kwana biyu da na kwana uku, na gane ɗumin da ake ji idan an ɗora tafin hannu a kan lulluɓin ba sai an buɗe ba. Na koyi cewa busasshiyar daddawa idan an karya ta ƙara take yi, kuma ba a ƙulla ko ɗaya sai an fasa wata an duba cikinta. Na koma zauren nan na saurari darussan da na tsallake, tun daga na farko, ina jin kunyar kaina. Kafin in sake aika wa kowa, sai da na aika wa wata 'yar'uwata a Kaduna ƙunshi uku, ɗaya a roba, ɗaya a leda, ɗaya a naɗe da takarda cikin kwali, na ce ta ajiye su mako biyu ta faɗa mini wanda ya fi lafiya. Na koyi rubuta wa mutum cewa babu, sai bayan kaka, in bar shi ya tafi wurin wata ban ji kamar an yanke mini hannu ba. Sai da rani ya zagayo sannan na fara aika wa gidajen nan daddawarsu, ɗaya bayan ɗaya, da takardar ban haƙuri a ciki. Wasu sun amsa da alheri har suka zama masu saye na dindindin. Mai shagon Abuja ta karɓa, amma ba ta sake nemana ba.

A shekara ta biyu Inna ta ce in tafi da ɗinkakken masakin Kalgo, aro, domin zirga-zirgar ta yi mini yawa da yarinya. Na samu wata mata daga Diggi mai kawo mini kalwa, na ci gaba da yi a gidana, mudu biyu, mudu uku, da wani suna na daban a shafin. Ita kuwa Inna wuyan hannunta ya fara ciwo, taɓarya ta gagare ta. Wani zuwa da na yi na riƙo 'yar daddawata a jaka na ba Goggo a madafa, ban ce a faɗa wa kowa ba, ni dai tsaraba na kawo. Goggo ta kaɗa miyar kuka da ita aka yi tuwon rana. Inna ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu, sai ta ajiye hannu ta ƙwala wa Goggo kira, ta hau ta da faɗa wai wa ya ce ta buɗe mata tulun ajiya, 'yar daddawar da ta rage mata ta hannunta ke nan tana lallaɓawa. Goggo ta rantse ba ta taɓa ba. Inna ba ta yarda ba, ta tashi da kanta ta shiga ɗaki, ta iske bakin tulun ɗaure da tsumma yadda ta bar shi. Ta fito ta tsaya tana duban Goggo, Goggo kuwa dariya ta hana ta magana, sai nuna ni take da ludayi.

Inna ta zauna. Ta ce in kawo mata guda ɗaya. Ta karya ta kusa da kunne, ta duba cikinta, ta kai hanci ta rufe ido, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, “Wagga tawa ta, ko da hannunki ta hito. Ki maida sunan.” Na kifa kaina a cinyarta na yi kuka kamar yarinya, tana shafa mini baya tana cewa in tashi tuwo zai huce. Na ce mata zan dawo da masakin tunda aro ne, ta ce in bar shi inda yake, ya riga ya saba da ni.

Sunan ya koma kan shafin, kuma alhamdu lillahi yau ina da masu saye da ke jirana tun kafin kaka. Amma ba komai ne ya dawo ba, kuma shi ya sa na rubuto. Tun ranar da Inna ta dawo daga kasuwa da tire cike ba ta sake fita da shi ba. Tana cewa ciwon hannu ne, ni kuwa na san ciwon hannun daga baya ya zo. Dattijuwar Masama ta rasu tun ina kan koyo, ban samu na durƙusa gabanta na gaya mata cewa ƙawarta ba ta taɓa cutar kowa ba. Na kai wa 'ya'yanta daddawa na faɗa musu gaskiya, sun ce ba komai, amma ita ta tafi da abin da ta gani a waya.

'Yan'uwana mata masu son fara sana'a daga ɗaki, ba na hana ku, waya hanyar abinci ce mai kyau kuma ni ma da ita nake rufa wa kaina asiri. Amma waya tana da sauri, kaya kuwa ba su san da saurinta ba. Ku fara da kaɗan, ku koyi abin da kuke sayarwa da hannunku, ku gwada kafin ku aika, kada ku yanka ranar da ba a hannunku take ba, kuma kada maganar mutum ɗaya da bai san ku ba ta sa ku raina abin da ya raine ku. Fiye da komai, idan da sunan wani kuka shiga kasuwa, ku tuna shekarun da ya yi yana tara shi. Masakin yana nan a ƙuryar ɗakina, ya sake yin baƙi, kuma haka nake ɗaukarsa a hoto, da ɗinkinsa a fili. Duk wadda ta tambaye ni me ya tsaga shi, nakan gaya mata ni ce.